Kafin ka sayi hedfon mai kashe ƙarar jirgi

Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Alƙahira, kuma tun da biza ta fito ba shi da zance sai na hedfon. Ranar Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari ya miƙo min waya a cikin mota, ya ce, "Kawu, dubi wannan. In ka saka shi ko ƙarar jirgi ba za ka ji ba, kuma mai shagon ya ce zai yi min ragi." Na tambaye shi da wane kuɗi, ya ce daga na guzuri. Kuɗin guzurin nan kuwa na san mafitarsa, awaki uwarsa ta sayar, da riɗin da ta adana tun kaka. Ban tanka masa ba don akwai mutane a motar, amma har muka iso gida raina a ɓace yake, domin hanyar da yake shirin bi na bi ta da ƙafata.

Lokacin da Allah ya fara buɗa min a harkar zoɓo da riɗi, tafiya ta kama ni zuwa Dubai ta Addis Ababa. Ban taɓa shiga jirgi ba. Aka ba ni kujera can baya, inda rugugin inji ya fi ƙarfi. Ƙarar ba mai firgitarwa ba ce, wani gurnani ne da ba ya yankewa, yana shiga kai a hankali har ka rasa abin da ke damunka. Ban runtsa ba, kaina ya yi nauyi. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya ga halin da nake ciki, ya cire abin da ke kansa ya ɗora min, ya danna wani ɗan maɓalli. Wallahi sai na ji gurnanin ya janye, ya koma nesa. Minti kaɗan na yi da shi na mayar masa, amma daga ranar abin ya shiga raina.

Da tafiya ta gaba ta matso, na shiga birnin Kano neman irinsa. Sunan kamfanin ban riƙe ba, balle lambar samfurin. A wani shago aka ɗauko min kwali a liƙe, da hoton jirgi a jiki, aka ce shi ne. Na ce a buɗe in gwada, yaron shagon ya ce in an buɗe to an saya. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na ji ana faɗa ba, kuma a nan ya kamata in tsaya. Ni da na san cewa in mutum ya kawo maka riɗi ƙasa da farashin kasuwa sai ka zura hannu har gindin buhu, ni ne na biya kuɗin kwalin da ban ga cikinsa ba. Amma a yi min adalci, a lokacin babu wanda zan tambaya. Duk ƙauyenmu waɗanda suka taɓa hawa jirgi alhazai ne, su kuwa ba ruwansu da wannan. Sannan akwai son a gani, ba zan ɓoye ba. Na so in shiga filin jirgin Malam Aminu Kano da abu rataye a wuya, a san cewa ba yau na fara ba.

Jirgi ya tashi, na danna maɓalli, wata 'yar fitila ta kama, ƙara tana nan yadda take. Maimakon in haƙura in cire, sai na kunna karatu na ƙure murya don ta danne injin, na tafi a haka har muka sauka. Kwana da kwanaki kunnena na hagu yana wani siririn kuka, kuma har yau idan dare ya yi tsit yakan dawo. Kuɗin da na yi asara na manta da su tuni. Kunnen ne ban manta ba.

Daga baya na fahimci yadda abin yake aiki. Na gasken yana da ƙananan makirufo da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar da ke ciki ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙara ta aika cikin kunne, su haɗu su kashe juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ƙofa ta tsaya cik. Shi ya sa ya fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta injin jirgi. Kukan jariri, hirar mutane, ƙarar cokali, waɗannan yana rage su ne kawai, kuma yawancin ragin daga matashin da ya rufe kunne yake zuwa. Tunanin hedfon ɗin kamfanin Bose ma a cikin jirgi aka yi shi. Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, a 1978 yana dawowa daga Turai ya kasa jin daɗin hedfon ɗin da aka raba musu saboda inji, ya fara lissafin maganin abin tun bai sauka ba. Sai a 1989 kamfaninsa ya fitar da na matuƙan jirgi, na fasinja kuma a 2000. Abin da ya ci wa masana shekaru haka, yaya za a yi ka same shi a kuɗin kati?

Kwalin da na saya, da na koma na duba, ENC aka rubuta a jiki. Wannan aikinsa tace muryarka ne idan kana waya, don wanda kake magana da shi ya ji ka sosai. Kai da ka saka shi babu abin da zai rage maka. Mai kashe ƙara a kunnenka ANC ake rubutawa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma hoton da yaron nan ya nuna min a mota, da na sa tabarau na duba, ENC ne.

Da a nan labarin ya tsaya da sauƙi. Haushi ya sa a wata tafiyar na shiga babban shago a Dubai na sayi na gaske, mai tsada, da kuɗin da na ware don takin damina. Mai ɗakina ta yi magana, na ce mata lafiyar kunnena ce. Kuma har yanzu ban iya cewa ƙarya na yi mata ba, don abin ya yi aiki. Na yi barci a jirgi, na sauka kaina wasai, na shiga kasuwa a ranar na yi ciniki da hankalina. Wanda bai kwana a sama da ciwon kai ba zai ga kamar almubazzaranci ne. Sai dai gero bai san da wannan hujjar ba, shekarar gonata ta gaya min.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na Umara. Mun tashi daga Kano za mu sauka Jidda, na ɗaura harami tun a ƙasa, niyya ce kawai ta rage sai an zo daidai mikati, kuma ma'aikatan jirgi sukan yi sanarwa idan an kusa. Na saka abina na danna maɓalli, barci ya ɗauke ni. Na farka ana cewa a ɗaura bel za a sauka. Na kusa da ni baƙo ne, ya ɗauka na riga na yi niyya. Malamin da na tambaya ya ce ko dai in koma mikati ko in yi yanka. Wani lokaci nakan ce wa kaina ko babu hedfon barci zai iya ɗaukata, gajiya ce. Mai yiwuwa. Amma na san tafiyar ibada na fito, na san akwai sanarwar da nake jira, kuma da hannuna na toshe kunnena.

Ƙarshensa kuma a cikin akwati ya lalace. Zafin bazara na nan wajenmu ya sa fatar matashin ta sassaɓule tana manne wa kunne, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, batir kuma da ya yi watanni ba caji ya daina riƙe wuta. Abu ne da aka yi wa mai hawa jirgi kowane wata, ni kuwa shekara kan zagayo ban je ko'ina ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na tace sai na ga ba su da yawa.

Ka fara lissafa awannin da za ka yi a sama. Kano zuwa Abuja bai cika awa ɗaya ba, Legas kamar awa ɗaya da rabi, Jidda ko Alƙahira awa huɗu zuwa biyar. Idan sau ɗaya ko biyu za ka yi wannan a shekara, kada ka saya. Je kemis ko shagon kayan aiki ka nemi ɗan soson toshe kunne, ka murza shi ya sirance, ka zura, ka riƙe har ya kumbura. Yana rage ƙara sosai, ba ya neman caji, in ya ɓata ba ka yi kuka ba. In da hali ka roƙi kujera ta gaban fiffike, can ya fi shiru. Na san ba za ku so wannan ba, don soso ba ya fitowa a hoto. Yaran yanzu tun ba a buga musu tambari a fasfo ba sun gama shirya hoton da za su ɗora a Facebook.

In ka nace sai ka saya, kada ka biya kuɗin abin da ba ka saka a kunnenka ba. A kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut Road a Kano janareto ba ya yankewa, ka tsaya kusa da ɗaya, kada ka kunna waƙa ko karatu, ka danna maɓallin ka kashe, ka sake dannawa. Na gaske za ka ji gurnanin ya faɗi nan take. In sai ka yi ta kasa kunne kana neman bambanci, ajiye musu kayansu. Ka gwada shi da hularka da tabaranka, mace kuma da hijabinta, domin ko ƙaramar kafa ta samu tsakanin matashi da fata, ƙara ta samu hanya. Ka bar shi a kanka na ɗan lokaci, wasu yana matse musu kai, wasu kuma sukan ji kunnensu ya yi dum har da jiri. Wanda ya ce ba a buɗe kwali, yi masa sallama.

Ka duba batir. Manyan na Sony da Bose masu rufe kunne sukan yi awa 24 zuwa 30, ƙananan iyafis na cusawa kuwa wajen awa 5 zuwa 8 kafin su koma gidansu su sha caji. Ga wanda wuta ba ta zama a garinsu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka tabbata akwai wayar jonawa a kwalin, don talabijin ɗin bayan kujera a yawancin jirage ba ya kama Bluetooth, wasu ma ramin jonawarsu biyu ne. Fawa banki kuma a jakar hannu ake saka shi, ba a barin sa cikin akwatin da za a auna.

Na ce kada ka saya, kuma ina kan bakana. Amma in har za ka ji wani abu a jirgi, gara ka yi bashi ka sayi na kirki da ka shiga da iyafis ɗin ɗari biyar kana ƙure murya. Ƙarar cikin jirgi kan kai desibel 75 zuwa 85, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa 4 ne kacal, kuma ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin lalata jinsu ta wannan hanya. Babban amfanin mai kashe ƙara ke nan, yana barin ka ji karatunka da murya ƙasa-ƙasa. To, bashi dai ba kyau, na janye wannan. Ka saka soso, ka haƙura da jin komai na awa biyar, ba mutuwa za ka yi ba. Abin da ke ba ni haushi, ku ko a ƙasa ba ku tsira ba. Yaro na kan babur, kunne a toshe, mota na yi masa ham bai sani ba, ka yi masa sallama sau uku yana kallonka.

Kada kuma wani ya ce maka zai hana toshewar kunne lokacin sauka. Wannan canjin matsin iska ne, maganinsa haɗiye yawu, hamma, ko tauna cingam, kuma in kana mura ka nemi shawarar likita kafin ka hau. Lokacin da ma'aikatan jirgi ke bayanin ƙofofin gaggawa ka cire shi gaba ɗaya, ko ka taɓa ji. In tafiyar Hajji ce ko Umara ta Jidda, ni dai ina ganin ya zauna a jaka har sai ka yi niyya. In ba za ka iya ba, ka gaisa da na kusa da kai tun kafin a tashi, ka ce masa, "Alhaji, don Allah in an zo mikati ka taɓa ni."