Abin da Janar Slim ya koya mini game da shugabanci da zazzaɓi

Da muka yi karatun tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, na fi daɗewa a kan Janar William Slim, baturen Ingila da ya shiga soja a 1914, aka ji masa rauni a yaƙin Gallipoli na ƙasar Turkiyya a 1915, ya yi shekaru a rundunar Indiya, har ya zama shugaban sojan ƙasa na Birtaniya a 1948. A 1942 Japanawa suka fatattaki mutanensa daga Bama. A 1943 aka ba shi Runduna ta 14, wadda a cikinta akwai kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda har yau ake cewa sun je yaƙin Bama.

Nasararsa a kan Japanawa a garuruwan Imphal da Kohima na Indiya a 1944 ita ce ta fi suna, amma ni yaƙinsa da sauro ya fi zauna mini a rai. A 1943, duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni, kusan 120 ake kwashewa saboda rashin lafiya, galibi zazzaɓin cizon sauro. Akwai ƙwayar rigakafin zazzaɓin mai suna mepacrine, amma sojoji na ƙin sha. Tana mayar da fata rawaya, ga jita-jitar cewa tana kashe ƙarfin namiji. Slim ya ɗora alhakin a kan kwamandoji, ba a kan likitoci ba. Ya sa a riƙa gwada sojoji ba zato ba tsammani, kuma bataliyar da aka samu ba ta shan maganin yadda ya kamata, kwamandanta ne ke rasa kujerarsa. Uku ya tsige, sauran suka shiga taitayinsu. Kafin 1945 ciwon ya ragu matuƙa, sojojinsa suka karɓe garuruwan Mandalay da Meiktila na Bama a watan Maris na shekarar.

Yanzu ina kula da leburori a wata gonar shinkafa, kuma damina na yi mana irin wannan ɓarnar. Raba gidan sauro ba ya wadatarwa, domin wasu a ƙarƙashin katifa suke ajiye shi saboda zafi. Shi ya sa kowane shugaban rukuni yake zagaya ɗakin kwanan mutanensa bayan sallar isha'i ya ga an ɗaura. Idan zazzaɓi ya kwantar da mutum biyu a rukuninsa, shi nake fara kira ofis kafin na kira ma'aikacin asibiti.