Kafin ka huda bango ka fitar da bututun hayaƙi

Ƙannena masu koyon aikin famfo da walda, kuskuren da na fi maimaitawa a farkon aikina shi ne auna tazarar bututun hayaƙin hita ko janareto daga taga kaɗai, sannan in yarda da mai gida idan ya ce "ai wannan ba ma buɗe ta." A watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, babu tagar da ke kwana a rufe. Duk abin da ke buɗuwa, ka lissafa shi a buɗe.

Baƙin hayaƙi mai sauƙi ne, ido na ganinsa, hanci na jinsa. Mugun shi ne iskar kabon monoksayid da ke biye da shi, ba launi ba wari. Tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda yake barci kuwa sai dai a same shi da safe.

Ga hitar ruwa mai aiki da gas, ma'aunin Ingila ya ishe ka mafari, tunda can kusan kowane gida da tukunyar ɗumama ruwa. Idan bututun mai fanka ne, bakinsa ya nisanci taga ko ƙofa ko ramin iska da aƙalla santimita 30, ta sama, ta ƙasa, ta gefe. Ƙarƙashin bakin rufi, santimita 20. Idan akwai bango yana kallonsa, santimita 60. Idan wani bututun ne ke kallonsa, mita 1.2. Idan tsayinsa daga ƙasa bai kai mita 2 ba, a sa masa ragar ƙarfe saboda hannun yara. Marar fanka yana son tazarar da ta fi haka, gwargwadon ƙarfin hitar, kuma abin da takardar kamfani ta ce shi ne gaba. Waɗannan lambobi mafi ƙaranci ne. In da fili, ninka su.

Amma a nan garin, janareto ya fi hita kashe mutane, kuma santimita 30 ba ta shafe shi ba ko kaɗan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi ƙafa 20, wajen mita 6, daga kowace ƙofa ko taga. Gidajen Mabera ko Runjin Sambo nawa ne ke da wannan fili? Shi ya sa ake cusa inji a lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, wurin da ya fi ko'ina muni. Iska ba ta ratsa shi, hayaƙi ya taru kamar ruwa a kwatami, ya nemi ƙofa.

Ƙofofin da na daɗe ina mantawa su ne bulo mai huji da ke saman taga, gibin da ke gefen na'urar sanyaya ɗaki, da ramukan iska na bakin rufi. Na ƙarshen nan shi ne maci amana: hayaƙi ya shiga tsakanin kwano da silin, ya sauka a ɗakin da ke can ɗaya ɓarin gidan. Fankar da ke zuƙe iska a banɗaki ko kicin ma tana jawo na waje ta kowace kafa. Ka kuma leƙa bayan katanga, tagar maƙwabci taga ce.

Sai iska. Lokacin hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina ta juya kudu maso yamma. Bututun da ya yi lafiya a Disamba yana iya zuba wa ɗaki hayaƙi a Agusta.

Babban injin dizal da aka kafa wuri guda, a ɗaga bututunsa ya wuce bakin rufi. Kada ƙarin ya fi salansar asali sirantaka. In ya yi tsawo, a ƙara masa faɗi. A rage lanƙwasa, don kowacce tana mayar da hayaƙi baya, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi. A sa guntun bututu mai lanƙwasuwa kusa da inji, in ba haka ba jijjiga za ta tsaga walda, ya riƙa yoyo daidai inda ake zama. Sashen da ke kwance ya ɗan gangara waje, a sa wa baki hula saboda ruwan sama. Inda ya ratsa bango a sa hannun riga na ƙarfe, wato faffaɗan bututun da zai bi ta cikinsa, kada ya taɓa katako, bututun roba kuwa ko kusa. Ƙaramin janareto na ɗauka kada ka yi masa ƙarin salansa, a fitar da shi fili, bakinsa ya juya wa gida baya.

Bayan mako biyu ka koma ka duba bango. In ka ga baƙin tabo yana hawa zuwa taga ko bakin rufi, hanyar hayaƙin ke nan, a kwance bututun a sake.