Tsohuwar bindigar nan ta daina watsa harsashi, alhamdulillahi

Jama'a yau dai an dace. Harsashi 5 a yadi 100 duk sun taru a wuri ɗaya da bai wuce inci ɗaya da rabi ba, da bindigar da ta girmi babana. Takardar saitin tana manne jikin firij yanzu haka, uwargida sai kallona take.

Ga waɗanda ba su ga bayanin baya ba, ina Colorado ne, kuma elk nake hari, babbar barewar duwatsun nan. 'Yan uwa na gida ku lura zancen Amurka nake da dokarsu da lasisinsu, kar wani ya ɗauka haka abin yake a Najeriya. Tun farko Winchester Model 70 ta kafin 1964 raina ya so kamar kowa, amma duk wadda na ɗaga a shago sai na ga dala dubu da ɗoriya, kuma gaskiya rabin kuɗin suna kawai kake saye. Abin da ake yabonta a kai, wato farcen nan mai faɗi da ke cafke harsashi tun daga magazin har ya shige, ai daga Mauser 98 ta Jamus aka samo shi. To me zai hana na nemi Mauser ɗin kanta. Da haka na faɗa kan J.C. Higgins Model 50, wadda kantin Sears ya riƙa sayarwa a farkon shekarun 1950. Sunan kanti ne a jiki shi ya sa masu tara kayan tarihi ba su cika waiwayarta ba, amma cikinta aikin kamfanin FN ne na Beljiyam, bututun kuma na kamfanin High Standard mai rufin kurom ta ciki, tsatsa ba ta samun wurin zama. Dala 475 na biya, .30-06, harsashin da tun 1906 yake aiki kuma ko a ƙaramin ƙauye za ka samu. Wani ya ce na nemi 9.3x62 wai ita ce ta namun dajin Afirka, na ce idan Allah ya kai ni gaban ɓauna ma yi maganar.

To ga inda ta wahalar da ni. Harbi biyu na farko lafiya lau, kusa da juna, na uku sai ya hau sama, na huɗu ya ƙara hawa ya karkata dama, kafin ka gama biyar an yi inci 5 ko fiye. Ka bari ta huce ka dawo, wani wurin daban za ta fara. Na wanke bututu tas, na canja madubin saiti na aro na wani aboki, na duba notocin mazauninsa, na gwada harsashi mai nauyin grain 150, na gwada 165, na gwada 180, kowane kwali dala 40 zuwa 50 kuma 20 ne kacal a ciki, wallahi kuɗin harsashin da na ƙona a banza ya kusa rabin kuɗin bindigar kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Har na zura takardar dala ƙarƙashin bututu na ga tana cijewa a gaba, na goge katakon wurin da sanfefa har ta wuce salin alin. Ta ɗan yi sauƙi amma ba ta daina ba.

Abin da ya tona asirin shi ne kunama. Na lura duk sanda na ɗaure notin baya da ƙarfi nauyin kunamar yana canjawa, na sassauta ya sake canjawa. A wannan samfurin kunamar a jikin ƙarfen ƙasa take, abin da take saki kuma yana jikin ƙarfen sama, katako ne a tsakaninsu yake riƙe tazarar. Da na ware ta gaba ɗaya sai ga katakon wurin baƙi ƙirin, ya sha mai ya yi laushi kamar soso, farce ma shiga yake. Wanda ya riƙe ta kafin ni da alama mutum ne mai son zuba mai, ya jingine ta a tsaye shekara da shekaru man yana gangarowa. Kenan ƙarfen ba shi da mazauni tsayayye, duk harbi sai ya ɗan gusa, kuma in ka matse noti lanƙwasa shi kake yi. Duk mai irin wannan bindigar don Allah ya duba wurin nan, zancen ya wuce saiti, kunamar da tazararta ke motsi ba abin wasa ba ce.

Na jiƙa wurin da sinadarin asiton mai narkar da mai na riƙa tsotse man da garin alli har katakon ya yi haske, na kankare ruɓaɓɓen, na sa bututun ƙarfe guda biyu inda notocin ke bi, sannan na zuba Acraglas, wani gam mai daskarewa, na zaunar da ƙarfen a kai bayan na shafe shi da man takalmi don kar ya manne har abada. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe na buga ta fito fes. Tsawon bututun ƙarfen da notin baya ke bi kuwa ban yarda da idona ba, mai gyaran bindiga na kai wa ya auna ya gwada kunamar da makullin tsaro, ya karɓi dala 90 na aikin da bai kai awa ba, na biya ina murmushin dole.

Yanzu grain 180 ta fi so, kuma ga elk dama shi nake so, sai dai dukan kafaɗar ba kaɗan ba don robar gindin ta bushe ta zama dutse. Ita zan canja kafin Oktoba. Kunamar kamfanin Timney ma ina tunani, wadda gaba ɗayanta ke jikin ƙarfen sama, amma sai an ƙara sassaƙa katako kuma ban san ko zuciyata za ta yarda na sake taɓa wurin ba bayan wannan wahalar. Wanda ya taɓa sa ta a Model 50 ya gaya min ko ya bar makullin tsaron asali ko ya canja.