Mutanen da ba su kai miliyan ɗaya ba amma fim ɗinsu na zaga duniya

Jama'a yau maganar fim zan yi amma ba na Indiya ba. A arewacin Sifen da wani gefe na Faransa akwai wata ƙabila ana ce musu Basque, yarensu Euskara, masu jin sa ko miliyan ɗaya ba su cika ba, kuma zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifen an matsa wa yaren sosai sai da ya mutu a 1975 suka sarara. To su ne fa suka yi Loreak a 2014 Sifen ta tura shi gasar Oscar, karon farko kenan da fim na yaren ya wakilci ƙasar. Handia na 2017 kuma, labarin wani zabgegen ƙato ɗan ƙauye da ɗan'uwansa ya dinga yawo da shi biranen Turai ana biya a kalle shi, ya kwashe kyautar Goya, babbar kyautar fina-finan Sifen, har 10. A 2023 ma a bikin fim na Berlin 'yar ƙaramar yarinya Sofia Otero ce ta ci kyautar babbar jaruma da wani fim na yankin.

Ni dai wanda ya fi tsaya min a rai Alcarràs ne, shi ba na Basque ba ne, da yaren Katalan na wani yankin Sifen aka yi shi, kuma shi ya ci babbar kyautar Berlin a 2022. Manoma ne masu lambu, kakansu ya samu gonar da alkawarin baki babu takarda ko ɗaya, rana tsaka magajin mai gona ya ce a sare bishiyoyi zai kafa sola. Wallahi duk wanda ya taɓa zama ƙofar dagaci a nan wajen Ringim ana shari'ar gonar aro ya san wannan rigimar, "ai mahaifinka ne ya ba mu", "to ina shaida". 'Yan wasan ma ba ƙwararru ba ne, mutanen yankin aka ɗebo. As bestas ma, wani fim ɗin Sifen, rikicin ƙauye ne kan kuɗin kamfanin lantarkin iska, an nuna shi a Cannes, ya ci babbar kyauta a Tokyo.

Mu Hausawa miliyan nawa ne don Allah? Gaskiya dai su Basque ɗin gwamnatin yankinsu da gidan talabijin ɗinsu na zuba kuɗi, ga bikin fim na garin San Sebastian a gida tun 1953, namu kuwa furodusa da aljihunsa yake fama sai ya jira YouTube. Amma kuɗi bai hana a ajiye kyamara a fadamar Haɗejiya ba, kullum falo da kujeru da rigimar kishiya, ga rikicin makiyayi da manomi ga ambaliya duk damina ba mai taɓawa. Najeriya dai ta tura fim ɗin Hausa Mai Martaba Oscar a 2024, madalla, sai dai shi ma labarin fada ne da sarauta, har yanzu ina jiran na mai garma.