Godiya ga duk wanda ya tsaya min a kan ciwon hannuna

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya aka cire min zaren ɗinki, yau na ci tuwo da hannun dama bayan wata bakwai.

Masu zuwa shagona na aski a Jekadafari sun san yadda abin ya faro: ɗan rami kamar bakin allura tsakanin yatsuna biyu, ya yi mugunya, ya bushe, ya dawo. Wani mai kemis ya ce ɗan karkare ne, na sha kafso har na gaji. Ranar da na matsa wurin sai ga guntayen gashi sun fito, har da furfura, alhali ko ɗaya ba ni da ita a kaina. Nan gida ya rikice. Aka ce jifa ne, ni ma na yarda.

Yayata ce ta tasa ni gaba zuwa asibitin koyarwa na nan Gombe. Likitan yana dubawa ya ce, "Malam, aski kake yi?" Ashe gashin da kilifa ta yanke tsini gare shi kamar ƙaya, yana huda fatar tsakanin yatsu ya taru a ciki. Sunan ciwon a Latin ma'anarsa "sheƙar gashi". An fi ganinsa a ƙasan baya, wajen tsagar mazaunai, amma yakan fito a cibiya, a hammata, da hannun masu aski irina. Ya kashe wurin da allura, ya yanke ramin gaba ɗaya, ya nuna min gashin a kan auduga.

Likita da nas-nas ɗin da suka yi ta wanke min ciwon, Allah Ya saka da alheri. Yaya, Allah Ya bar zumunci. Maiɗakina da ta sha ɗawainiya, da yaran shago da ba su bari an rufe ko kwana ɗaya ba, na gode.

Sai maƙwabcina, abokin sana'a. Kai na zarga a zuciyata, na daina amsa gaisuwarka yadda ya kamata, amma kai ka fara kawo gudummawa ranar aikin. A gaban jama'a nake roƙonka gafara.

'Yan uwa masu aski, ku riƙa wanke tsakanin yatsu ana tashi daga aiki. Ni dai likita ya ce sai da safar hannu, don haka kada ku yi min dariya ranar Litinin in na dawo shago.