Manaus da kifin nan mai sulke

Jama'a duk wanda Allah Ya kai shi Manaus a ƙasar Birazil kar ya tsaya ɗaukar hoto a gaban gidan wasan kwaikwayo na Teatro Amazonas kawai, ya sauka bakin ruwa da sassafe. Ni ina idar da sallar asuba na gangara ta gefen kasuwar Adolpho Lisboa inda masunta ke sauke kaya, ga zafi tun da safe ga ƙarni ga jiragen katako reras a bakin kogin Negro, ruwan nan baƙi wuluk.

A nan na ci karo da kifin da suke kira bodó. Wlh da farko sai da na ja baya, ƙirar tarwada ce amma an lulluɓe shi da sulken ƙashi tun daga kai har wutsiya, bakin kuma yana can ƙasa, da shi yake manne wa itace yana kankare gansakuka. Duk suna motsi a kan teburi. Mai sayarwa ya yi min bayani rabi da baki rabi da hannu, wai in ya mutu nan da nan yake lalacewa shi ya sa ba mai sayen matacce, kuma yana jure zaman tudu don yana haɗiyar iska, cikinsa ne ke masa aikin huhu. Ikon Allah kenan.

Wata dattijuwa ce ta gasa min a kan garwashi da sulken da komai, ka ɓalle ɓawon da hannu ka matsa lemon tsami ka haɗa da garin rogo, naman ba yawa amma daɗi ba a magana, ba ƙananan ƙayoyi masu damun mutum.

Daga nan na hau jirgin ruwa zuwa Santarém, kowa ya ɗaura ragar kwanciyarsa, muka wuce inda baƙin ruwan Negro ke tafiya gefe da gefe da ruwan Solimões mai launin laka ba su gauraya ba. A Santarém har gari suke yi da kifin bodó, a gasa a busar a marmashe, piracuí suke ce masa, ya daɗe bai lalace ba.

Abin da ke ci min rai, a Meziko da Filorida inda masu kiwon kifin ado suka sake shi ya zama annoba, yana haƙa ramuka a gaɓar kogi yana yaga koma, da yawa zubar da shi ake, alhali a nan abincin talaka ne. In kun je ku nemi gasasshe, kuma ku tabbata yana motsi kafin ku biya.