Takardar likita ta 1928 da mai firam ya lalata min

Wallahi har yanzu in na kalle ta raina sai ya ɓaci. Tsoffin takardu nake tarawa, kuma ba giya nake sha ba, tarihin abin ne ya ja ni. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka amma dokar Volstead, wadda ta tsara yadda za a aiwatar da haramcin, ta bar wa likitoci ƙofa, likita zai iya rubuta maka wuski a matsayin magani a kan wani fom mai lamba da ma'aikatar kuɗin ƙasar ke bugawa, kwalba ɗaya kusan rabin lita duk kwana 10, ka kai wa mai kemis ya ba ka sannan ya soke takardar ya ajiye. Hatta Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, a 1932 likitansa a New York ya rubuta masa cewa yana buƙatar giya bayan mota ta buge shi.

Tawa ta 1928 ce, cikakkiya, ga rubutun likitan da alƙalami, ga sa hannun mai kemis da ranar da ya soke ta. Na sha wahala kafin na same ta don kwafi sun yi yawa a intanet, sai da na sa mai sayarwar ya turo min hoton gaba da baya.

Na kai shago a sa min a firam, na ce masa tsohuwa ce fa shekararta ta kusa 100, ya ce kar in damu. Bawan Allahn nan ya shafa gam ya manne ta gaba ɗaya a jikin kwali wai don ta miƙe! Ninkin da ke tsakiya wai shi ne ya dame shi. Yanzu gam ɗin ya ɓullo ta gaba, tawadar ta yi dishi-dishi daidai wurin sa hannun, bayanta kuma shikenan ba mai sake gani. Wani da ya daɗe a harkar ya duba ya ce darajarta ta faɗi sosai.

Don Allah in kun samu irinta kar ku bari gam ko selotef ya taɓa ta, laminatin kuma kar ma a fara. Ku sa ta a ledar adana takardu, nesa da rana da danshi, in kuma dole sai firam to ku tsaya a kansa ya maƙale ta ta kusurwoyi kawai kuna kallo.